Baiti Na Uku

Bilki na tsaye cikin mata a gefen filin makarantar elemantare ta Isa lokacin da yara arba'in suka buɗe baki da waƙar da take yi a kan dutsen niƙa.

"Gamzaki jira ni kaɗan,
Zakara ya yi nasa, saura ni..."



Malam Yero ne a gabansu, yana kaɗa hannu, ɗayan hannun riƙe da takarda. Ya raba yaran biyu, masu siririyar murya suna hawa, masu kauri suna tare su daga ƙasa. Baturen makarantu da aka tara garin dominsa yana gyaɗa kai, alhali ko kalma ɗaya bai ji ba.

Kande, 'yar maƙwabtansu, wadda ta shekara tana aika wa Yero fura ba ta samu ko sannu ba, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Laa! Wagga ba waƙar Bilkin Na'Allah ba ce? Ashe mun yi zabiya a unguwa!"

Mata suka yi dariya. Bilki ba su take kallo ba. Mahaifinta take kallo, Na'Allah falke, wanda ya miƙe daga cikin dattawa, ya saɓa sandarsa, ya fice tun ba a tashi taron ba.

Wata biyar ke nan Yero yana zuwa zance wurinta, kuma kawunsa na shirin tahowa daga Sabon Birni neman aure. Ɗakin da aka ba shi yana bayan katangarsu. Kullum da asuba yana jin ta tana waƙar a kan niƙa. A kwalejin malamai wani Bature ya koya masa zuba murya a kan layuka biyar, kuma mai sabon ilimi ba ya iya ganin abu ya bar shi inda ya same shi.

Da la'asar ya zo ƙofar gida yana murmushi, yana jiran yabo.

"Hasken idona, kin ji yadda..."

"Malam, wa ya ba ka?"

"Bilki, kyauta na so in yi maki!"

"Kyauta? Ka ɗauki abina ka raba ma ɗiyan mutane, sannan ka ce kyauta?"

"Baturen ya ce za a buga ta a littahi..."

"Waƙar innata ce."

Ta ci gaba, ba ta jira shi ba.

"Ina da shekara bakwai ta rasu. Ba ta bar mani zane ba, ba ta bar mani kwalla ba. Wagga kaɗai. Baba ya ce in gaya maka kawunka ya huta da tahiya."

Ta shige gida. Sai da ta kai bayan rumbu ta yi kukan.

Kwana shida ba ta yi waƙa ba. Tana niƙa, dutse na ƙara, shi ke nan. Kande kuwa ta bi gida gida tana cewa Bature zai ɗauki Bilki zuwa Kaduna ta riƙa yi wa sojoji waƙa. Gwaggo Rahmatu, ƙanwar Na'Allah, ta taso daga Turba musamman don ta ce tun farko ita ba ta yarda da mai ɗamammen wando ba.

Rana ta bakwai, bayan sallar asuba, Yero ya yi sallama a zaure. Bilki ta laɓe bayan asabari.

Ya durƙusa, ya ajiye takardu uku da ashana gaban tsohon.

"Baba, na yi laihi. Su ke nan, babu wasu. Na hana Baturen tasa. A ƙone su gabanka."

Na'Allah ya ɗauki ɗaya, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wanga kashin ɓeran shi ne waƙar?"

"Shi ne, Baba."

"In ka ƙone, yaran za su mance?"

"A'a..."

"To mi ka zo yi da ashana? Ko bukkata za ka haɗa?"

Yero ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗige-ɗigen. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Ba zancen zabiya ya tashe ni daga hilin ba. Kande da uwatta su yi ta yi. Na zauna ina jiran baiti na ukku, sai na ji ka tsaya a na biyu, mutane na tahi da hannu. Shi ne na gane ba wanda ya san akwai shi. Ko ɗiyata."

Bilki ba ta san lokacin da ta ɗaga asabarin ba.

"Baba... akwai wani?"

"Innarki Maijidda ba ta yin shi sai ranar da za ni Maraɗi, ina ɗaure ma jakai kaya. Kina barci." Ya dubi Yero. "Kana da alƙalami?"

"Ina da fensir."

"Rubuta."

Ya faɗi kalmomin a bushe, kamar mai lissafa zangon hanya. Yero ya rubuta, sannan ya tsaya yana murza fensirin.

"Baba, ka gafarce ni. Kalmomi sun samu. Amma murya ba ta hawa layi sai na ji ta."

"Kai, wanga yaro! Ni za ni yi waƙa?"

"Baba, don Allah..." in ji Bilki.

Na'Allah ya leƙa waje ya tabbata ba mai wucewa. Ya yi gyaran murya har sau uku. Sannan falken da ya shekara goma sha ɗaya ba a ji shi ya ambaci sunan matarsa ba ya rera, da murya kamar tsohuwar ƙyaure:

"Mai jakai, rana ba ta hito ba,
Ka ce ma hanya ta jira.
In ka tahi ka dawo da wuri,
Dutse nauyi garai ni ɗaya."

Ya karye a layi na ƙarshe. Ya sake. Yero bai ɗaga kai ba, yana ta ɗiga baƙaƙen ɗigonsa, ya bar tsohon ya share fuska da hannun riga ba tare da shaida ba. Wannan ne abu na farko mai hankali da ya yi tun zuwansa Isa.

Bilki ta ɗauki baitin daga inda uban ya ajiye, a hankali, hawaye na sauka.

"Haka ne, Baba?"

"Ta fi ki jan ƙarshen. Amma haka ne."

Ya karɓi takardar daga hannun Yero ya miƙa wa ɗiyarsa.

"Biyun farko sun riga sun shiga gari, yara su yi ta yi. Wanga na gida ne. In na ji shi bakin ɗan makaranta, Malam, za ni karya maka wanga hannun da kake kaɗawa."

"Na ji, Baba."

"Kawun naka ya taho ran Juma'a. Ke kuma tashi, rana ta hito ba a yi niƙa ba."