Ɗigon da Maka Ya Bar Mata

"Ya gudu, 'yar nan. Share hawayenki ki zo ki fere mana rogo."

Gwaggo Kalisi ce ta faɗa tana gyara tabarmar da ta ɗaura a ƙugu bisa al'adar mutanen wurin. Yayar Baba ce, kuma a gidan nan na tsibiran Vava'u maganarta ce ta ƙarshe.

Heilala ta ɗago idanunta da suka yi jawur da kukan rashin Maka, saurayinta.

"Gwaggo, Maka ba zai tafi bai faɗa min ba..."

"Sela ta gan shi jiya yana hawa jirgin fasinja. Dama me na ce miki? Maraya daga tsibiran Ha'apai, ko gonar doya ba shi da ita."

Sela, 'yar maƙwabta, tana jingine da ƙofa. Ta daɗe tana aika wa Maka abinci yana mayar mata.

"Ni dai abin da na gani na faɗa."

"Kwalekwalensa da babu shi a bakin ruwa fa?" in ji Heilala. "Shi ma tikiti ya yanka?"

Sela ta kau da kai.

A bakin ruwa Heilala ta sami Baba yana ɗinkin koma. Ta durƙusa, ta miƙa masa wayarta. A jikin taswira, can tsakiyar shuɗi inda babu ko tsibiri, akwai wani ɗan ɗigo. Maka ne ya saka mata shi wata rana bayan coci. Wurin kamun kifinsa ne, irin wanda masunci ba ya faɗa wa ko ɗan'uwansa. Ya ce mata, "Duk ranar da kika neme ni kika rasa, ina nan, hasken idona."

Baba ya ɗan dube shi.

"Na tsufa a tekun nan. Babu komai a can sai ruwa."

"Baba, kai ni. In ba ya can, ba za ka ƙara jin sunansa a bakina ba."

Ya ajiye komar, suka hau kwalekwalensa.

Suka bar tsibiran a baya har suka zama kamar hayaƙi, daga nan suka ɓace. Sabis ya ɗauke. Ta zaci shi ke nan. Amma alamar kwalekwalensu ba ta tsaya ba, tana ta matsawa a hankali kan taswira. Ta ɗaga kai. Sama fes, ba a ganin komai, amma can bayan wannan shuɗin wasu taurarin ɗan'adam sun san daidai inda take, ita da ba ta kai ƙwayar yashi ba a kan ruwan nan. 

"Ɗan karkata dama, Baba."

Bai musa ba.

Can sai ruwa ya tsage a gefensu. Tofua'a ce, uwar dabbobin teku, bayanta baƙi ƙirin ya ninka kwalekwalen tsawo, ɗanta na manne da ita. Ta fesa numfashi sama ya sauko musu kamar yayyafi. Baba ya kashe inji, ya cire hularsa. Daga ƙarƙashin katakon kwalekwalen wani kuka mai zurfi yake tasowa, Heilala tana jin sa har cikin ƙashin ƙafarta.

Sai da suka nutse Baba ya tayar da inji.

Da alamarsu ta hau kan ɗigon, Heilala ta miƙe ta duba ko'ina.

Ruwa kawai.

"Baba..." Ta juya ta dube shi.

Igiyar ruwa ta ɗaga su sama, sai ga wata riga ja tana kaɗawa a kan filafili.

"Maka!"

Leɓunansa sun farfashe, rana ta gasa shi, amma yana murmushi.

"Inji ne ya mutu. Wayata na nuna min inda nake, amma ba halin kira. Sai na haɗa duk igiyoyina na jefa anga, don kada ruwa ya ɗauke ni daga inda za ki nema."

"Da ban zo ba fa?"

"Ban kawo wannan a raina ba, masoyiyata."

Baba kuwa ƙasa yake leƙawa. Ruwan wurin ya koma kore garau, a ciki wani dutse ya taso daga zurfi, murjani ya lulluɓe shi, kifaye na zagaye shi kamar hadari.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Wa ka taɓa nuna wa wurin nan?"

"Ita kaɗai, Baba."

Baba ya jefa masa igiya.

"Ɗaura, ɗana."

Rana na shirin faɗuwa suka iso. Jama'a sun cika bakin ruwa, ban da Sela. Gwaggo Kalisi na gaba, ta shiga ruwa har gwiwa ba ta ma sani ba. Ta dubi Maka daga sama har ƙasa, ta dubi Heilala da ta ƙi sakin hannunsa. Sai ta karɓi ɗanyar kwakwa daga hannun wata mata, ta tura masa.

"Sha. Ba za ka shigar min da 'ya coci da wannan bakin ba."