Riskuwa da Madacin Kaka

Riskuwa 'yar aji huɗu ce a wani ƙauye kusa da Argungu. Yarinya ce mai rawar kai. Kafin ka gama faɗin aike, ta riga ta kai bakin ƙofa.

Ranar Litinin Malam Ummaru ya ce wa 'yan ajinsa, "Gobe kowa shi taho da maganin gargajiya. Wanda nashi yaf fi, za mu kai shi Sakkwato, taron makarantu."

Sakkwato! Riskuwa ko mota ba ta taɓa shiga ba. Ta sheƙa gida a guje.

Kakarta Inna Tamba ita ce mai maganin ƙauyen, amma ta tafi fadama dashen albasa. Ina Riskuwa ina jira? Ta suri gizago, ta nufi ɗan icen madacin da ke jikin dangar gidansu. Shi kaɗai ne a ƙauyen, kuma da ɓawonsa ake maganin ciwon ciki. Ta yi ta sassaƙa tana waƙa har ta cika kwando.

Washegari da ta kai kwandon aji, yara suka yi ta yi mata tafi.

"Kai!" in ji Malam. "Ina kis samo wanga duka?"

"Zagaye iccen niy yi, Malam!" ta ce, tana washe baki.

Murmushin Malam ya ɗauke. "Mu tahi wurin kakarki."

Da Inna Tamba ta ga madacin tsirara, sai ta dafe ƙirji. "Ke ɗiyag ga! Ta ɓawo icce ka samun abinci. In an zagaye shi, mutuwa zai yi. Kaɗan aka ɗiba gabas, kaɗan yamma, a bar saura."

Riskuwa ta fashe da kuka. "Inna, na kashe shi?"

Tsohuwa ta zagaya tana shafawa. Can ta wajen danga ta sami sauran ɓawo siriri, faɗin yatsa uku, inda gizago bai kai ba.

"Da sauran rai," in ji ta. "Maza ɗebo laka!"

Suka shafe raunin da laka, suka naɗe da tsumma.

Malam bai tafi da Riskuwa Sakkwato ba, kuma abin ya yi mata zafi ƙwarai. Duk da haka kullum da safe sai ta kai wa madacin ruwa. Ganyensa ya yi ta zuba. Masu neman magani sai a tura su ƙauye mai nisa, ita kuwa kunya kamar ta nutse.

Bayan wata biyu, wata safiya ta hango jajayen ganye ƙanana a kan reshe.

"Inna! Inna! Ya tohu! Wallahi ya tohu!"

Ta yi tsalle, ta manta da tulu a kanta. Tulu ya yi ƙasa, tas!

Inna Tamba ta fito tana dariya. "To, shi ma tulun laka za mu shahwa mai?"

Ta rungume jikarta. Tun daga ranar Riskuwa ba ta ƙara sa wa icce ƙarfe ba sai ta tambayi manya. Ta gane cewa icen da ke ba mu magani shi ma rai gare shi. A ɗebi kaɗan, a bar na gobe.