Daga Gado Zuwa Keke

"Ki ɗaga shi mana! Wietske, wai ba ki da idanu ne?"

Mem Aukje ce ke wannan ihu, ta dire farantin kofi har cokula suka zube. Ɗanta Jelmer na zaune a bakin gadon da aka sauko masa da shi falo, ya jiƙe sharkaf da gumi, keken guragu na dab da gwiwarsa. Matarsa Wietske kuwa ta harɗe hannuwa a baya, ko gezau.

Wata biyar ke nan da Jelmer ya faɗo daga rufin ciyawar da yake gyarawa, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Da asibitin gashin ƙashi za su ba shi hutun kwana biyu, likita ta zaunar da Wietske ta nuna mata takardar maki.

"Ran Laraba za mu gwada shi. In ya hau keke daga gado shi kaɗai, gida zai koma. In ya kasa, lissafinmu gidan tsofaffi yake nunawa, tunda ke kina wuni wurin aiki. Kuma ki yi haƙuri, yawan ciccibarsa da kuke yi ne ya hana shi koyo."

Ɗan shekara talatin da huɗu a gidan tsofaffi! Tun ranar abinci ya daina wuce wa Wietske.

Jelmer ya dafa ɗan katakon da ake zamewa a kai daga gado zuwa keke, ya yunƙura, hannunsa ya goce, ya kife a katifa. Mem Aukje ta zabura, Wietske ta sha gabanta.

"Mem, don Allah ki bari."

"In bari? Ni na haife shi! Ke dai kin gaji ne, so kike su tafi da shi ki sarara!"

Wannan maganar ba ta yi mata zafi kamar ta Jelmer ba. Fuskarsa a cikin bargo ya ce, "In kin gaji da ni, Wiets, ki faɗa kawai."

Wayyo! Ta durƙusa gabansa hawaye na zuba. "Wallahi hannuwana har ciwo suke don son ɗaukarka. Amma in na ɗaga ka yau, jibi da gata wasu ne za su riƙa ɗaga ka har ka tsufa. Tashi, sarkin taurin kai, ka sake!"

Sau goma sha ɗaya ya sake, miyar wake ta huce a tukunya. Mem Aukje ta ɗauki kwat ɗinta ta fice ba sallama.

Ran Laraba sai ga ta a asibiti, fuska a ɗaure, ta tsaya gefen surukarta. Jelmer ya yunƙura, ya kai tsakiyar katako ya maƙale, damatsansa na rawa. Likita ta ɗaga biro. Wietske ba ta san lokacin da hannunta ya miƙa ba.

Caraf! Aka damƙe mata wuyan hannu.

"Kul, 'yar nan," in ji Mem Aukje. "Bar shi."

Haka suka riƙe juna gam har Jelmer ya faɗa cikin keken, yana haki yana dariya.

"To, 'yan kallo, wa ke da makullin gida?"

Wani so ɗaukar mutum yake yi, wani kuma daurewa yake ya bar shi ya tashi da kansa. Na biyun ya fi ciwo, amma shi ya mai da Jelmer gida.