Dutse Yana Iyo a Kan Ruwa?

Da gudu ta shigo sashen gaggawa, ledar jini biyu rungume a ƙirjinta, sai ta yi karo da mutum a bakin labule.

"Sannu, Gaggawa," ya ce yana karɓar jinin, ya juya wajen majinyacin da ake danna wa ƙirji. Ita kuwa ta koma ɗakin gwaji inda take aiki, zuciyarta ta ƙi zama wuri ɗaya. Wallahi ko fuskarsa ba ta gani sosai ba, takunkumi ya rufe rabi. Idanun kawai ta gani, sun kuwa ishe ta.

Nas ne, wato ma'aikacin jinya, yana aiki tsakanin sashen gaggawa da ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ke kwance rai a hannun Allah. Tun daga ranar, sakamakon da za ta iya turawa ta kwamfuta ma sai ta kai da ƙafarta. Abokan aikinta suka sa ta a gaba: "Oho, yau ma kwamfutar ce ta lalace?"

Ba a jima ba saƙonni suka fara tsakaninsu, sunan Gaggawa da ya raɗa mata kuwa ya bi ta.

"Gaggawata, yau bugun zuciya goma na duba, tawa ce kaɗai ta ƙi bin ƙa'ida."

"Sai ka nemi likita, Nas ɗina. Ni jini kawai na sani."

Da maganar ta isa gidansu, Baba ya ce atafau. Tsohon direban manyan motoci ne, in ya kafe ko taya mai faci ta fi shi motsi.

"Ƙato guda ya ƙare a juya marasa lafiya da share musu baki? Ga ɗan aminina mai shagon kayan gini yana ta zarya. Ba zan yi miki dole ba, amma wannan kam ban yarda ba."

Nas ya daina zuwa zance. Saƙo ɗaya ya turo: "Ba zan tura ƙofar da Baba ya rufe ba. Amma ina nan a bakinta, ban tafi ba."

Kai, begen wanda kake gani kullum ya fi na wanda ya yi tafiya ciwo! Su haɗu a baranda, ya ce sannu, ta ce yauwa, kowa ya wuce. Ta koma tura sakamako ta kwamfuta, tana karanta tsofaffin saƙonninsa har ta haddace su.

Ana haka tari ya kama Baba. Ya raina shi, har cutar ta tashi daga huhu ta shiga jini. Aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, bututu a maƙogwaro, na'ura na yi masa numfashi. Ta gilashi take leƙawa, ta ga Nas yana juya shi a hankali, yana jiƙa masa leɓe da auduga, yana ce masa, "Baba, zan ɗaga ka kaɗan," ko da yake Baban yana cikin barcin allura.

Ranar da aka cire bututun, tana gefen gadon ita da Mama. Baba ya damƙi hannun Nas, da dasasshiyar murya ya ce, "Na ba ka ita. Na ba ka 'yata."

Hawayen daɗi suka zubo mata. Shi kuwa Nas bai yi murmushi ba. Ya sunkuya.

"Baba, dutse yana iyo a kan ruwa?"

"Yana yi mana. Ga su can suna wucewa ta taga."

A waje Nas ya yi mata bayani. Tambayar gwaji ce. Wanda ya daɗe a kan na'ura sau da yawa kansa kan ruɗe na ɗan lokaci, ya faɗi abin da bai san ya faɗa ba.

"Amma ai ya faɗa! Gaban Mama!"

"Ba shi ya faɗa ba, Gaggawata, ciwon ne. Ba zan karɓi kyautar da mai ita bai san ya yi ba."

"In ya dawo hayyacinsa ya ce a'a fa?"

Idonsa ya kaɗa. "Sai in ci gaba da son ki daga nesa."

Ta ji haushinsa ƙwarai, ta daina amsa gaisuwarsa. Duk da haka ta bi abin da ya koya musu: su buɗe labule da rana, su mayar wa Baba tabaransa, su riƙa yi masa hirar gida suna gaya masa inda yake. Ita da bakinta take dawo da hankalin da zai iya raba ta da masoyinta, tana yi tana kuka a ɓoye.

Baba ya warke, aka sallame shi. Mama kuwa ba ta iya riƙe magana, ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya aika a kira Nas. Gaggawa ta laɓe bayan ƙofar falo.

"Yi mini tambayar nan taka," in ji Baba.

"Baba, ai ka warke…"

"Yi, na ce!"

"Dutse yana iyo a kan ruwa?"

"Nutsewa yake yi, ja'iri. To ka shaida da hankalina nake magana. Na ba ka ita."

Ranar ɗaurin aure, bayan mutane sun watse, Baba ya zaunar da su a gabansa, ya kama hannun angon.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari. Kai kuma abu ɗaya nake roƙo: ka riƙe mini ita yadda ka riƙe ni lokacin da ban san kaina ba."