Ruwan Marinar Hajjo

Ba sallama ta dire kwanon a gabansa. Ƙananan kifaye ne a ciki, matattu, bakinsu a buɗe.

Yazidu ya ɗago kai daga tukunyar rini. Ya ga doguwar budurwa, idanunta sun yi ja don fushi, sai ya manta da shaddar da yake juyawa.

"Wa ke da marinar ga?"

"Ta tsohuwarmu ce, Hajjo. Lahiya?"

"Ina hwa lahiya? Ni ce Ikilima, ɗiyar Hamani masunci. Ruwan da kuke tuttulawa cikin kanibo, wannan kwata taku, ina kuke zato shina zuwa? Gulbi yake gangarawa, daidai inda babana ke su. Ga abin da ya kamo yau."

Wani namijin da ya rama. Yazidu kuwa, bawan Allah, tsayawa ya yi yana kallon bakinta. Da ta gama ya ce, "Kin yi gaskiya. To ina za mu kai shi? Duk Gaya haka ake yi."

Tambayar ta rage mata zafi, don amsar tana hannunta. Kimiyya take karanta a jami'a a Yamai, kuma aikinta na gama karatu a kan wannan ruwan ne. Ta haɗa wani gari da sitacin rogo, da ƙaro, da farar ƙasa wadda aka niƙe har ido ba ya iya ganin ƙwayarta. Washegari ta dawo da ɗan kaɗan a leda, ta barbaɗa a cikin kwalbar ruwan rini, ta girgiza. Launin ya manne wa garin, ya kwanta a ƙasa kamar ƙullu, ruwan sama ya washe.

Yazidu ya ɗaga kwalbar ya leƙa fuskarta ta cikin ruwan. "Ke kam kin iya wanke abu. Ni ma tun jiya kin wanke mini hankali."

"Ajiye kwalbar kar ka hwasa," in ji ta. Amma ta ba shi lambar salularta.

Daga nan saƙonni suka fara kai da kawo.

"Sarauniyar gulbi, yau kin yi hushi da wa?"

"Da kai, mai shuɗin hannu. Ka haƙa ramin tace ruwan rinin da na ce?"

"Na fara. Hannuna ya yi kanta saboda ke, sheri, masoyiyata."

"Ya yi ta yi. In ka gama ka zo in gani, na aje maka kunu."

Hamani bai so zancen ba tun farko. Shi a masu neman ɗiyarsa Hashimu ya fi kwanta masa a rai, wani direban babbar mota mai zuwa Kwatano, wanda ba ya wucewa sai ya sauke masa tsaraba. Hamani ya ce ba zai haɗa zuri'a da gidan da ke kashe masa abinci ba. Ikilima ta roƙe shi ya dakata har ya ga aikin, ya yi tsaki ya tashi.

Kafin ta koma Yamai ta aiko wa Yazidu da buhun garin, don a zuba a ramin idan ya kammala. Nan aka samu matsala. Yazidu ɗan fari ne, Hajjo ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, balle zancen budurwarsa. Shi ma kunya ta hana shi yi mata bayani. Ya jingine buhun kusa da na sitaci ya tafi kasuwar Malanbil sayen sodar rini mai ƙuna.

Hajjo ta ji a bakin mata cewa yarinyar ce ta aiko. Ta buɗe, ta murza, ta shinshina, ta ji rogo da ƙaro, abin da marina ke ƙarfafa shadda da shi. Ranta ya yi fari ƙal. Ta ɗauka gaisuwar surukai ce, kuma don ta girmama kyautar sai ta dama shi ta tsoma shaddar ankon wani babban biki, wadda ta fi kowace tsada a gidan.

Shaddar ta fito dabbare-dabbare, nan fari nan toka, ba mai iya sa ta ko zuwa gona.

A ranar, unguwa ta ji muryar Hajjo. Ta yafa gyale ta nufi gidan Hamani da shaddar a kafaɗa, ta watsa masa a tsakar gida.

"Dubi aikin ɗiyarka. Na karɓe ta hannu biyu, ta zubar mini da mutunci gaban masu biki."

"Ke kika zubar mana da dafi cikin gulbi shekara da shekaru," Hamani ya mayar mata. "Kwashe tsummanki. Ɗiyata ta hi ƙarhin gidanki."

Hashimu ya samu abin da yake so. Ya bi tasha da majalisa yana cewa asiri yarinyar ta barbaɗa don ta kashe sana'ar Hajjo. Mutane kuwa ba su da aikin da ya fi yi musu daɗi kamar ɗaukar irin wannan zance.

Saƙon Ikilima ya iso da zafinsa.

"Yau a Gaya sunana mai asiri, saboda ka kasa buɗe baki gaban wadda ta haife ka. Ka gaya mata gaskiya, ko ka bar kirana."

"Sarauniyata, kin san al'ada."

"Na sani. To ka auri al'adar."

Abin ya ƙona masa rai, don ya san ita ke da gaskiya. Da safe ya je ƙofar ɗakin Hajjo ya durƙusa, ya juya mata baya, ya yi ta magana da bango. Ya faɗi abin da garin yake, da ramin da ya haƙa, da yadda laifin yake nasa. Hajjo ita ma ta amsa wa bangon.

"A gaya ma wancan, in ba ƙarya ba ne a nuna mini gaban uban yarinyar."

Ikilima ta hau mota ta dawo. Bayan la'asar aka taru a bayan marina, kowa fuskarsa a murtuke. Ta zuba garin a ramin, Yazidu ya juya da sanda, aka jira. Baƙin ruwan ya kwanta, na sama ya ratsa ta cikin yashi ya zubo a ƙwarya garau.

Hamani ya leƙa. Ya ji kunya, sai kunyar ta koma masa fushi.

"Ido ake ruɗa da wanga. In ruwan kirki ne, shi mai son auren shi sha mu gani."

Yazidu bai ko yi tunani ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar ya kai baki.

Ikilima ta kai wa ƙwaryar duka, ta yi sama ta kife. A daidai lokacin Hajjo ta ƙwalla ihu, "Yazidu!" Matan marina suka dubi juna, don ba su taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Kai wane irin mutum ne?" Ikilima na faɗa. "Launi na cire, ban ce na cire soda ba. Da sauran aiki kahin ya kai gulbi, balle ciki. Baba, kai ma don Allah, in ya mutu ni wa ka bar ma?"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa a gaban mahaifinta. Ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka.

Hamani ya dubi ɗiyarsa, ya dubi saurayin da rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya share gumi.

"Yaron ga ba shi da wayo ko kaɗan," ya ce wa Hajjo. "Amma ban san wani da zai sha wanga saboda ita ba. Ku turo manyanku."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Hajjo ta sake rina shaddar nan baƙa wuluk ta mayar wa masu ita, ta kuma rina wa amarya tata da hannunta, tana yi tana mita. Hamani ya damƙa hannun Ikilima a na dangin ango ya ce, "Ga ta nan, da iliminta da hushinta, mu mun huta. Allah Shi zaunar da su lahiya, Shi ba su zuri'a mai albarka." Aka shafa.

Da mutane suka watse, Yazidu ya matso kusa da amaryarsa.

"Har yanzu hushin ake, sarauniyata?"

"Ana yi," ta ce, ta kama hannunsa ta riƙe gam. "Sai dai yanzu a gidanka zan riƙa yin shi."