Kukun Da Ba Shi Da Gari

"Yaushe ka yi niyyar gaya min? Sai jirginka ya ɗaga?"

Bara'atu ce tsaye a ƙofar kicin. Saif ya ajiye wuƙar hannunsa ya juyo.

"Wane jirgi kuma, habibti?"

"Kar ka ce min habibti... Ruba ta ce Amurka za ka koma."

Ruba 'yar kafilinsa ce, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ta daɗe da ɗora ido a kansa. Shi kuwa Saif ɗan Pakistan ne da ya tashi a Houston, ya ajiye karatun injiniya ya rungumi girki. Gidan abincinsa na Jidda ya yi suna da naman da yake turarawa da hayaƙi irin na Amurkawa, ya tsuma shi da kayan ƙamshin Lahore, ya naɗe cikin gurasa mai zafi. Bara'atu ke tarbar baƙi a wurin, a nan zukata suka haɗu.

"An kira ni, gaskiya ne," in ji shi. "Babban otal, kicin sukutum a hannuna. Na ce musu a'a."

"Saboda me?"

"Kin fi kowa sani, ya albi, zuciyata."

Ta matso kusa da shi.

"Rantse."

"Wallahi. Halas, shi ke nan, na gaji da ɓoyo. Yau zan je gaban Inno."

Sai dai Ruba ta riga shi zuwa unguwarsu Nuzla, ta cika wa tsohuwar kunne. Inno, kakar da ta raini Bara'atu, ko tiren naman da ya kawo bayan la'asar ba ta kalla ba. Bara'atu ta laɓe bayan labule.

"Yaro, ina ne garinku?" Inno ta tambaye shi da Larabci.

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gani? Ba na ba da jikata ga wanda gobe zai saɓa jaka."

"Hajiya, a Amurka ɗan Pakistan suke ce min. In na je Lahore su ce ga Ba'amurke. Shi ya sa na zuba su a tukunya ɗaya, ko zan samu abin da zan kira nawa. Ban taɓa jin na iso gida ba sai da na san Bara'atu."

Inno ta ɗago ta dube shi.

"A unguwar Karantina ta nan Jidda aka haife ni," ta ce a hankali. "Nan Takaruniya suke ce min. Da na je Kano aka ce ga 'yar Makka ta zo. Gidan da aka yanke min cibiya ma an rushe shi."

Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo tiren, ta gutsiri nama ta tauna.

"Ka turo manyanka."

"Inno!" Bara'atu ta faɗo daga bayan labule ta ƙanƙame ta, kuka da dariya a haɗe.

"Sake ni, marar kunya, a gabansa?"

Saif ya durƙusa ya sumbaci kan tsohuwar.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, Takari da 'yan Pakistan suka cika layi maƙil. Sharaɗi ɗaya Inno ta kafa, kuma aka cika mata: gidan amarya kar ya wuce inda ƙafarta za ta iya kai ta.