Bayit Arba'in da Ɗaya

Ranar da Tuukka ya fara ganin Vilja, tsugune take ƙarƙashin teburinsa tana zare wayar wuta. Allon kwamfutarsa ya ɗauke ɗif, aikin awa biyu ya bi ruwa. A taron bazara ne na 'yan demo, wato masu haɗa hoto mai motsi da kiɗa ta lissafin kwamfuta, cikin zauren wasan ƙanƙara na garin Oulu a arewacin Finland, inda mutum wajen ɗari takwas kowa ya kinkimo kwamfutarsa daga gida. Ya leƙa da niyyar masifa, sai suka haɗa ido, masifar ta maƙale.

"Taka ce? Na zaci ta butar kofi ce," in ji ta.

Ya ce ba komai, alhali ƙarya yake yi. Tuukka irin samarinmu ne da in suna magana da mutum takalminsu suke kallo. Ranar dai ya yi ƙoƙari, nata takalmin ya kalla. Don ta wanke laifinta, ta ɗora masa abin sauraro a kunne ta kunna masa kiɗan da take haɗawa. Kafin kiɗan ya ƙare ya san ya kamu.

Shi gyaran injin buga takardu yake yi, ita tana koyon malantar kiɗa. Cikin wata uku sun zama ƙungiyar mutum biyu: shi da lissafi da zane, ita da sauti. Tana kiransa Kurma saboda shirunsa, yana kiranta Zinariya, a saƙon waya kawai, don bakinsa ba ya iyawa.

"Zinariya, yau ruwan tafkina ya fara motsi a allo. Ke na fara tunawa."

"Kurma, je ka ci abinci. Tafki ba ya gudu. Ina sonka."

Abin da suka sa a gaba shi ne gasa mafi tsanani a wajenmu. Za ka haɗa hoto mai motsi da kiɗa na minti uku, amma duka kada ya wuce bayit dubu huɗu da casa'in da shida. Bayit gurbin harafi ɗaya ne, kun ga ko wasiƙar kirki ta fi haka tsawo. In ya wuce da ɗaya, alƙalai ba sa ko kallonsa. Tuukka ya gina tafki da rana tana faɗuwa a kansa. Vilja ta yi kiɗan, ta rufe shi da wani ɗan sauti na daƙiƙa ashirin, wanda marigayiya mahaifiyarta take rerawa ba kalmomi in tana wanke kwanuka. Hunturu guda ta yi tana neman yadda injin zai fitar da shi daidai.

Mahaifinta Reijo, tsohon ma'aikacin masana'antar takarda a Kajaani, bai yi na'am da yaron ba. Ya kai shi sauna, ɗakin wankan tururi, ya yi ta zuba ruwa kan duwatsu masu zafi har tururin ya kusa sumar da Tuukka, sannan ya tambaye shi nawa ake sayar da abin. Tuukka ya ce kyauta ake rabawa. To me ake yi da shi? Ya ce kallo.

"Wata takwas a kan minti uku, kuma kyauta. Ka ɗauka a fim mana ka huta."

"Ba ɗaya ba ne, Reijo. Fim an riga an gama shi. Wannan a lokacin da kake kallo injin yake zana shi, yana iya faɗuwa a gaban kowa. Kai ma da kake kaɗa akodiyan a wajen rawa, ai akwai kaset, amma kai ake kira."

Tsohon ya ƙara ruwa a duwatsu. Washegari ya gaya wa 'yarsa cewa mutumin da ya saba magana da inji ba zai san lokacin da mace take bukatar magana ba. Ta yi kuka, ta ce bai san shi ba ne.

Ranar gasa ta zo, ƙarfe sha biyu na rana ake rufe karɓa. Vilja tana cikin jirgin ƙasa daga Kajaani, Tuukka yana zaure, demo kuma ya wuce iyaka da bayit arba'in da ɗaya. Ya matse nan, ya matse can, lambar ta ƙi sauka. Saura minti goma sha biyar, gumi ya jiƙa masa riga. Abu biyu ne za su iya fita: ƙyallin rana a kan ruwansa, ko daƙiƙa ashirin na ƙarshen kiɗanta. Wayarsa tana nan kusa da hannunsa. Bai ɗauka ba. Ya yanke kiɗan, ya miƙa, ya ce wa kansa zai yi mata bayani in ta iso. Da ta iso kuwa, Kurma ya yi halinsa.

Da la'asar aka haska shi a babban allo. Tafkin ya fito, zaure ya ɗauki tafi, Vilja ta damƙe hannunsa tana jiran ƙarshen. Kiɗan ya kai wajen ya tsaya cak. Ya ji yatsunta suna sakinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina sautin mamata?"

"Bayit arba'in da ɗaya ne suka yi yawa."

"Ƙyallin ruwanka fa, nawa ne?"

Ya koma kallon takalminsa, ta gane amsar. Sun zo na ɗaya, amma shi kaɗai ya hau karɓar kyauta.

Oskari kuwa dama jira yake. Shugaban wata babbar ƙungiya ne a Helsinki, mai baki kamar rediyo, ya daɗe yana zagayenta. Tun a bakin zaure ya gaya mata cewa a nasu aikin akwai wurin da zai ɗauki kiɗanta duka, ba a yanke ko numfashi, ga kuma gurbin aiki a kamfaninsu na wasanni. Ta koma gidan mahaifinta, ta kashe waya kwana uku. Tuukka ya tura saƙo sha huɗu. Ga amsa ɗaya da ya samu:

"Lahadi mai zuwa zan koma Helsinki. Kada ka turo mini komai ta kwamfuta, ba zan buɗe ba. Baba ya yi gaskiya."

Hankalin Tuukka ya tashi irin tashin da bai taɓa sani ba. Abinci ya ƙi shiga. Ya je gyara injin wani ofis ya tsaya yana kallonsa har aka tambaye shi ko lafiya. Ya rubuta mata, "Zinariya, in kin tafi ban san me zan yi da kaina ba," saƙon ya tafi ba amsa. Ya kira, ya ji a kashe. Ya ɗauki kofin gasar ya jefa a kwandon shara, ya dawo ya ciro, ya rasa inda zai ajiye shi.

Akwai al'ada a wajenmu: bayan taro, mai demo yana iya fitar da gyararren aikinsa, wanda shi ne zai zauna har abada, muddin bai wuce iyakar ba. Nan Tuukka ya ga 'yar ƙofa. Ya mayar da sautin, ya cire ƙyallin ruwan. Ya ga hakan bai isa neman gafara ba, ya cire ranar. Zuciya ta ɗebe shi, ya cire tafkin gaba ɗaya, sai ɗigon haske kaɗan a baƙin allo. Ranar Alhamis da safe ya rungumi akwatin kwamfutar da ƙaton allonta ya hau bas zuwa Kajaani, ya riƙe su a cinya duk tsawon hanya.

Reijo ne ya buɗe ƙofa. Ya dubi yaron, ya dubi kayan. Ya ce Vilja tana haɗa akwati, minti uku ya ba shi, tunda abin nasa dama minti uku ne.

A teburin kicin ya haɗa wayoyin. Vilja ta tsaya bakin ƙofa, hannu a harɗe. Kiɗan ya tashi, ya tafi har ƙarshe, sautin ya fito cikakke. Reijo ya juya baya yana wanke kofin da yake a wanke. Tuukka ya jira ta yi murmushi, sai ya ga ranta ya ƙara ɓaci.

"Ina tafkin?"

"Na cire. Duka na cire, saboda ke."

"Wa ya ce ka cire? Wata takwas ina kallonsa yana girma, ina sonsa kamar yadda kake sonsa. Ran nan ka yanke nawa ba ka tambaye ni ba, yau ka yanke naka ba ka tambaye ni ba. Kira ɗaya nake so, Tuukka. Ka ce mini mun wuce da arba'in da ɗaya, ya za mu yi."

Ya zauna. Ya zo da abin da ya ɗauka shi ne iyakar sadaukarwa, ga shi ya sake yin laifin farko. Ba shi da sauran dabara. Ya ɗaga kai, ya dube ta a ido.

"Vilja, mun wuce da arba'in da ɗaya. Ya za mu yi?"

Ta sauke hannayenta. Sannan ta jawo kujera, ta ce ya dawo da tafkin ya matsa mata.

Kwana uku suka yi a teburin nan. Ta gano ganguna biyu na cikin kiɗanta kusan sauti ɗaya suke, ta haɗe su, bayit goma sha tara suka fita. Ya gano lissafin da ke kaɗa ruwa zai iya kaɗa sautin ma, sha huɗu suka fita. Sauran takwas ɗin suka yi musu taurin kai har safiyar Lahadi, akwatinta yana jingine a bakin ƙofa, jirgi ƙarfe biyu. Suka yi gardama, suka gwada abu ashirin, kowanne sai ya tambaye ta kafin ya taɓa. Ƙarfe ɗaya da kwata lambar ta tsaya a dubu huɗu da casa'in da biyar, ɗaya ƙasa da iyaka. Tafki, rana, ƙyalli da sautin mahaifiyarta, duka suna ciki.

Vilja ta ɗauki waya ta rubuta wa Oskari, "Na gode, ba zan zo ba." Ta juyo ta ce saura gurbin bayit ɗaya, me za su sa? Tuukka ya ce shi yana da tambaya, amma ba ta allo ba ce, kuma ba zai yanke komai shi kaɗai ba. Da bakinsa ya tambaye ta ko za ta aure shi, a gaban mahaifinta. Ta ce eh tana kuka tana dariya.

Bazara ta gaba aka ɗaura auren a ƙaramar cocin ƙauyen su Reijo, 'yan demo suka cika benci biyar cikin kwat ɗin aro. Da aka zauna cin abinci tsohon ya miƙe, kowa ya yi tsit, don ba a saba jin jawabinsa ba. Ya ce har yau bai gane amfanin abin da suke yi ba, amma ya ga mutum biyu sun zauna kwana uku kan matsala ɗaya ba wanda ya tashi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu surutu," in ji shi. Ya ɗora hannu a kafaɗar Tuukka. "Na ba ka ita, ɗana. In abu ya yi yawa, ka kira ta."